Tsakanin Beli da Lamuni: Nazarin Kalmomin Gyaran Shari'a

A shekarar 2019 Nijeriya ta sauya wa gidajen yarinta suna, suka koma gidajen gyaran hali. Ni da na karanci harshe a jami'a na ji daɗin wannan sauyi, domin suna linzami ne. Sai dai da na tuna cewa kusan biyu bisa uku na mazauna waɗannan gidaje jiran shari'a suke yi, sai murnata ta koma ciki. Wane hali za a gyara wa mutumin da kotu ba ta tabbatar da laifinsa ba? Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ɗauke shi marar laifi, amma sunan da ke ƙofar Kurmawa da Goron Dutse ya riga alƙali yanke hukunci.

Kalma ta biyu da ta dame ni ita ce beli. Aro muka yi daga Turanci, alhali muna da tamu, wato lamuni. Duk wanda ya tashi a Wudil ya san yadda lamuni yake aiki a kara ranar Juma'a. Baƙo ya sayi sa bai cika kuɗi ba, dillali ya tsaya masa, a rabu lafiya. Jarin dillalin nan sanayya ce da mutunci. Beli kuwa, yadda ake aiwatar da shi, ya fi tambayar abin da mutum ya mallaka fiye da wanda ya san shi.

A rubuce dokar ba ta da laifi sosai. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda Jihar Kano ta yi irin tata a 2019, ta ce a sashe na 165 kada sharuɗɗan beli su yi tsanani. Sashe na 167 ya halatta wa mace ta tsaya wa wanda ake tuhuma, sashe na 34 kuma ya ɗora wa majistare ziyartar wuraren tsare mutane duk wata. Rauninta shi ne ta bar ma'aunin tsanani a hannun alƙali kaɗai. Mun ga sakamakon haka ranar 1 ga Nuwamban 2024, lokacin da aka gurfanar da mutum 76, cikinsu har da ƙananan yara daga Kano, a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja kan zanga-zangar watan Agusta. Wasu yaran suka yanke jiki suka faɗi, aka kuma sa belin kowanne naira miliyan 10. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya yi kusan shekara 12 bai ci bai sha ba kafin ya tara wannan adadi. Abin da ya fitar da su shi ne umarnin shugaban ƙasa bayan jama'a sun yi ca. Yaron da ba a ɗauki hotonsa ba fa?

Ba na raina hujjar masu tsoron sassauci. Ƙanwata ta taɓa dawowa gida jikinta na rawa bayan an nuna mata wuƙa an ƙwace wayarta, kuma ranar ban yi sha'awar a ba kowa beli ba. Wanda faɗan daba ya hana shi buɗe shago yana da haƙƙin ya ji haushi idan ya ga wanda aka kama jiya yana yawo yau. Amma sashe na 162 ya riga ya ba kotu ikon hana beli idan akwai dalilin tunanin wanda ake tuhuma zai sake aikata laifi, ko ya gudu, ko ya tsorata shaidu. Wannan ma'aunin haɗari ne. Sharaɗin kuɗi kuwa aljihu yake aunawa, shi ya sa ɗan daba mai uban gida yake kwana a ɗakinsa, ɓarawon akuya ya shekara a tsare cikin manyan masu laifi, ya fito da ilimin da bai shiga da shi ba.

Ra'ayina shi ne a dawo da ma'anar lamuni cikin beli. A ƙananan laifuffuka, mai unguwa ko limami ko shugaban ƙungiyar sana'a su wadatar a matsayin masu tsayawa. Na san za a ce son kai zai shigo, kuma gaskiya ne. Maganinsa a rubuta sunan kowane mai tsayawa, wanda mutuminsa ya gudu a daina karɓar lamuninsa, kamar yadda kara take juya wa dillalin da ya ci amana baya. Mai hatsari kuma a hana shi beli a fili, a rubuta dalili, a gaggauta shari'arsa. Idan an yi haka, mazauna gidan gyaran hali za su zama waɗanda aka tabbatar halinsu na bukatar gyara, sunan kuma ya dace da gidan.