Wasan kwaikwayon Samariya: abin da takarda ba ta riƙe ba

Duk mai son nazarin wasan kwaikwayo na Hausa a Nijar, matsalar farko da zai ci karo da ita ita ce ƙarancin rubutu. Wasan da André Salifou ya rubuta da faransanci a kan Sarkin Damagaram Tanimun, an buga shi a 1973, kuma yana nan a ɗakunan karatu. Amma ɗimbin wasannin da ƙungiyoyin Samariya suka yi da Hausa a zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, mafi yawansu ba su taɓa hawa takarda ba. Saboda haka wasu ke ɗaukar su adabi mai rauni. A ganina, da mudun da bai dace ba suka yi awo.

Mu duba yadda ake gina wasan. Shugaban ƙungiya kan kawo jigo da ƙashin labari, a tattauna, a raba wa kowa matsayinsa, sannan kowane ɗan wasa ya zo da maganar bakinsa. Da maraice, bayan an tashi daga aiki, malamin makaranta da tela da ɗan kasuwa sukan haɗu su yi ta maimaitawa. Maganar da ta sa abokai dariya ta zauna, wadda ta faɗi ƙasa a bar ta nan. Ta irin wannan hanya ce Yazi Dogo da abokan wasansa na Damagaram suka shiga gidajen jama'a ta rediyo da talabijin. Ba banza ba Janet Beik, manazarciya daga Amurka, ta ɗauki wannan wasa a matsayin adabin baka na zamani a littafinta na 1987.

Ba a nufin wasannin ba su da aibi. Gwamnati ce ke shirya gasar, musamman a bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976, kuma mai shirya gasa yana da abin da yake son ji. Jigogin suka riƙa maimaita kansu: auren dole, cin hanci, gudun ƙauye, sa yara makaranta. Sau da yawa wasa kan tashi da rai, ya ƙare da nasiha mai tsawo, inda wani mai hukunci zai fito ya raba gardama. A nan fasaha takan durƙusa wa saƙo.

To, me ya riƙe mutane har suka jure wahalar maimaici ba tare da albashi ba? Ba nasihar ba ce. Daɗin haɗuwar ne: lokaci sananne, wuri sananne, barkwanci, da ganin abin da babu shi jiya ya tsaya da ƙafafunsa yau. Al'ada ce da ba ta tambayar aƙidar mutum ko asalinsa. Tana da dangi a wasan kara na Damagaram, inda matasa ke kwaikwayon sarki da manyan hukuma, jama'a na dariya, waɗanda ake kwaikwayo ma na dariya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a wasan kwaikwayo, ɗaukar jinkar tare ita ce rabin ladan aikin.

Wannan shi ne darasi ga malamai da ƙungiyoyin al'adu. Idan muka miƙa wa ɗalibai rubutaccen wasa su haddace makonni biyu kafin bikin ƙarshen shekara, mun ba su ɓawo, mun hana su ƙwaya. Gara a tsayar da rana ɗaya kowane mako, a bar su su gina labarin da bakinsu, ko da gasa ko babu. In wasan ya nuna, sai a naɗi sautinsa, a rubuta shi, don kada na baya su sake yin asarar da muka yi.