Saniya Mai Launin Shunayya

Seth Godin, mutumin Amurka, ya fitar da littafin Purple Cow a 2003. Koyarwarsa ita ce, matafiyi yakan gaji da kallon shanu, amma in ya ga mai launin shunayya, sai ya tsaya, ya kuma ba da labari. Haka ƙaramin kamfani zai fita daban.

Da gaskiyarsa. A Briqueterie ta Yawunde masu tsire suna jere, mai yaji na daban ake nema.

Amma littafin ya fi ƙarfi wajen jawo baƙo. Telan unguwarmu kuwa da maƙwabta yake ci. In ya saɓa ranar ɗinki sau biyu, sabon yayi ba zai cece shi ba. Mai karatu, kafin ka rina saniyarka, duba ko tana ba da nono.