Kifin Roba Ya Iso Ruwayenmu: A Ci Matsakaici, A Saki Uwa

Mindif ba garin ruwa ba ne. An san mu da dutsen nan mai tsini da matafiyi ke hangowa tun daga hanyar Marwa, da shanu, da auduga, da dawar muskuwari da ake dasawa in damina ta ɗauke. Rafukanmu na damina ne, su tumbatsa a watan Agusta, kafin hunturu ya kankama sun koma yashi. Kifin da ke shiga tukunyarmu daga nesa yake zuwa, galibi banda ko busasshe, daga Maga da gaɓar Logon. Duk wanda tuwonsa ke jiran kifin wani ruwa, yana da ta cewa a kan yadda ake yi da ruwan nan. Shi ya sa na ɗauki alƙalami a kan wata sabga da ta fara shigowa cikin matasan Marwa da Garwa, har da namu na nan: kamun kifi don nishaɗi, da sanda mai kwarkwaron naɗe igiya, da kifin roba ko cokalin ƙarfe a madadin tana.

Yawancinsu a waya suka fara gani. Bidiyon YouTube da TikTok cike yake da mutane suna jifa a kogunan Amurka da Turai, ko a bakin teku inda kogi ke shiga ruwan gishiri, kamar mashigar Wuri a Duwala da gaɓar Gabon. Kayan kuma sun yi sauƙi tun da 'yan kasuwa suka fara shigo da na Sin. Ni ina murna da abin. Saurayin da zai tashi da asuba ya tafi bakin ruwa, ya yini yana karantar iska da inuwa da motsin ƙananan kifaye, ya fi wanda ya yini a majalisa yana jan waya. Amma goyon bayana da sharaɗi yake tafe: mai kamun nishaɗi ya ɗauki matsakaicin kifi ya kai gida, ya mayar da ƙanana da manyan uwaye cikin ruwa, kuma kada ya jefa ƙugiya a ruwan da bai gaida masu shi ba.

Kifin roba ba shi da ƙamshi, ba shi da ɗanɗano. Motsi da walƙiya kawai yake sayarwa. Giwan ruwa da tsage mafarauta ne, kuma mafarauci ba ya wahalar da kansa da lafiyayye in ga mai rauni a gabansa. Suna gani da ido, suna kuma jin girgizar ruwa ta wani layi da ke bin gefen jikinsu daga kai zuwa wutsiya. Aikin mai jifa shi ne ya sa ɗan guntun roba ya yi tangaɗi kamar ƙaramar kawara da ta ji ciwo. Wanda ya fito da wannan dabara a sigar da ta cika duniya yau ba attajiri ba ne. Lauri Rapala masunci ne talaka a ƙasar Finlan, yana su a tafkin Paijanne don ciyar da iyalinsa. Ya daɗe yana lura da yadda manyan kifaye ke ware mai rauni daga cikin garke, sai a 1936 ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ya lulluɓe shi da takarda mai ƙyalli. Sunansa ne a kan kwalayen da ake sayarwa yanzu a ko'ina. Idon masunci ne ya haifi abin, kuma irin idon nan muna da shi birjik a Maga da Lagdo, a wurin Musgum da Kotoko da Kabawa da Jukunawa waɗanda suka gaji su kaka da kakanni.

Ruwayen da matasanmu ke zuwa ba sababbi ba ne ga matsi. Tafkin Maga an tare shi a 1979 don noman shinkafar kamfanin SEMRY, da ganuwar ƙasa mai tsawon kilomita 27. Madatsar Lagdo a kan Binuwai, wadda 'yan Sin suka gina tsakanin 1977 da 1982, ita ke ba arewacin Kamaru wutar lantarki, kuma tun cikarta masunta suka yi ta kwararowa daga Arewa Mai Nisa da Najeriya da Cadi da Mali. Zauna da kowane dattijon masunci a can, magana ɗaya zai yi maka: kifi ya ragu, wanda ya saura ma ya ƙanƙance. Taru mai ƙananan idanu da gidan sauro da ake ja a bakin gaɓa sun cinye 'ya'yan kifi tun ba su kai ko'ina ba. Dalilin da ya sa ke nan ma'aikatar kiwo da kamun kifi ke rufe su a Lagdo da Maga daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da kifi ke zuba ƙwai.

Na san abin da ɗan'uwana mai sanda zai ce: masu taru ne ke ƙarar da kifi, me ƙugiya ɗaya za ta rage? Rabin maganarsa gaskiya ce. Sai dai akwai abin da kifin roba ke yi wanda taru ba ya iyawa. Manyan giwayen ruwa a gindin duwatsu suke fakewa, da cikin itatuwan da ruwa ya shanye, da ramuka masu zurfi, wuraren da masunci ke gudun sa komarsa don kada ta yage. Nan ne mafakarsu ta ƙarshe, kuma nan ɗin daidai ake koya wa mai jifa ya nufa. Kifin roba mai tsawon tafin hannu ba ƙaramin kifi yake kira ba, babba yake kira. Manyan giwayen ruwa kuwa galibinsu mata ne, kuma babbar uwa guda tana zuba miliyoyin ƙwai. Wanda ya fitar da ita ya ɗora a bayan babur don a ɗauke shi hoto, ya cire kifin shekaru masu zuwa daga bakin masunta da 'ya'yansu, da bakinmu mu masu jiran banda a Mindif. Masuncin da ya kama ta yana da uzurin yunwa da bashi. Ma'aikacin da ya zo shan iska ranar Lahadi ba shi da wannan uzuri.

Wannan ba sabon tunani ba ne. A tafkin Biktoriya, inda aka shigar da giwan ruwa a shekarun 1950 har ya zama babban kayan fitarwa zuwa Turai, Kenya da Yuganda da Tanzaniya sun taɓa tsayar da ma'auni: a kama daga mai tsawon santimita 50 zuwa 85, na ƙasa da haka bai isa ba, na sama da haka iri ne. A wurinsu baƙo ne kifin, a wurinmu ɗan gida ne, a Binuwai da Logon da Shari da tafkin Cadi. Kifi ne da ke iya kai tsawon mita biyu in an bar shi; wanda aka rubuta a matsayin mafi nauyi da aka kama da sanda, kilo 104, a tafkin Nasir na Masar ya fito a shekarar 2000. Matasanmu ba sai sun jira doka ba. Su yi alama biyu a jikin sandarsu, ɗaya a santimita 50, ɗaya a 85, magana ta ƙare.

Akwai masu wuce nan, su ce a saki duk abin da aka kama. Haka ake yi a kogin Faro, wanda ke gangarowa daga tudun Adamawa ya haɗu da Binuwai a wajen iyakar Najeriya. Wani kamfanin Afirka ta Kudu, African Waters, wanda a da ake kira Tourette Fishing, yana da sansani mai suna Gassa a kusa da gandun dajin Faro. A watannin rani, lokacin da ruwa ya ja baya ya yi garau, baƙi na biyan kuɗi masu kauri su zo daga nesa, su nemi tsage iri uku da rana, giwan ruwa kuma bayan faɗuwar rana, da ƙugiyar da aka yi wa ado da gashi. Su auna, su ɗauki hoto, su mayar. Darasin da ke ciki babba ne: kifin da ke raye a ƙasarmu ya isa ya taso mutum daga wata nahiya, kuma ana iya cin moriyarsa bana a sake ci baɗi.

Duk da haka ban yarda a ɗauko tsarin Faro dungurungum a ɗora wa ɗan Marwa ko ɗan Garwa ba. A ƙasar da nama ya yi wa talaka tsada, mutum ya kama kifi mai kyau ya jefar a gaban yara masu kallo, ba za a ce masa mai tausayi ba, za a ce yana wasa da abinci. Malamanmu kuma sun karantar da mu cewa ba a azabtar da mai rai don wasa. Kifin da aka ja shi har ya galabaita a zafin Maris, aka riƙe shi a sama ana jeren hotuna, sau da yawa yana tafiya ne ya mutu a gaba inda ba a gani. Hanyar da ta dace da mu ita ce mutum ya fita da niyyar abinci, ya ɗauki ɗaya ko biyu matsakaita, in ya samu ya naɗe igiyarsa. Wanda ya faɗo ba bisa ma'auni ba, a sake shi da gaggawa kuma da kyau: a jiƙa hannu kafin a taɓa shi, kada a rataye shi ta maƙogwaro, a tallafe cikinsa, a riƙe shi cikin ruwa fuskarsa na kallon inda ruwa ke tahowa har ya buga wutsiya da kansa.

Batun kaya ba ya buƙatar dogon lissafi. Sanda mai tsawon mita biyu da ɗoriya, kwarkwaro mai birki da ba ya sarƙewa, da igiya saƙaƙƙiya mai ƙarfi, sun isa. Ƙarfin igiya tausayi ne ga kifin, domin da ita ake gama kokawa da wuri. Ga tsage dole a sa guntun waya tsakanin igiya da ƙugiya, haƙoransa na datse igiya nan take, kuma bakinsa ƙashi ne, yakan yi tsalle ya watso ƙugiyar da ba ta da kaifi. Cokali mai walƙiya da ake ja da sauri a inda ruwa ke gudu shi ne maganinsa. Giwan ruwa kuwa sai a hankali, da kifin roba mai nutsewa, a gefen duwatsu, da sassafe ko gab da magariba. In ruwa ya yi duhu a nemi launi mai haske ko mai 'yar kacau-kacau a ciki. In ya yi jawur da laka, a haƙura. Kifin roba mai araha yana kamu, amma ƙugiyoyinsa da zobbansa kan miƙe, sai a canza su. Ni shawarata a cire masu baki uku a sa mai baki ɗaya, a danne ƙayar ƙugiyar da filaya. Ta fi saurin fita daga bakin kifi, ta fi saurin fita daga yatsan mutum in tsautsayi ya gitta. Cokali kuwa ba sai an yi odarsa daga waje ba. Tsohon cokalin shayi, a yanke mariƙin, a huda shi gaba da baya, a goge shi ya yi ƙyalli: kowane maƙeri a kasuwar Marwa zai yi maka, kuma zan so in ga maƙeranmu sun mayar da shi sana'a.

Abin da ba a saya a shago shi ne sanin ruwa, kuma da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya isa Maga ko Lagdo ko gaɓar Binuwai, ya fara zuwa wurin sarkin ruwa ko shugaban masunta ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ɗauki masunci da kwale-kwalensa, ya biya shi kuɗin yini ba tare da ƙwauro ba, ya saurare shi. Shi ya san inda aka shimfiɗa mamari da koma, kada a je a sarƙe wa mutum abin neman abincinsa. Shi ya san inda dorina ke da ɗa, kuma dorinar Maga da ta Binuwai ba abin wasa ba ce, tana kifar da jirgi. Shi ya san ramin kada. A ƙasan madatsar Lagdo ruwa na iya ƙaruwa ba zato in an buɗe ƙofofi. A sa rigar da ke hana nutsewa ko da an iya iyo, a kuma rage tsayuwa cikin ruwan da ba ya gudu saboda tsargiya. In kuɗin masu nishaɗi na shiga aljihun masunta, su da kansu za su fara tsare manyan kifayen, domin sun ga amfaninsu a raye.

Akwai wani abu da ya fi damuna a matsayina na ɗan garin makiyaya. Gaɓar da kake jifa a kai mashayar shanu ce, nan mata ke wanki, nan yara ke wanka ba takalmi. Igiyar roba ba ta ruɓewa da wuri, tana naɗe ƙafar tsuntsu da ta ɗan maraƙi. Ƙugiya mai baki uku da aka bari cikin yashi tana jiran leɓen saniya ko tafin ƙafar yaro. Duk guntun da ka yanke, sa shi a aljihu.

Watannin hutun kifi kuma sun hau kan kowa. Ba daidai ba ne a hana talaka jefa koma daga Yuli zuwa Satumba, sannan mai mota ya zo da sandarsa ya ce shi wasa yake yi. Ina kira ga matasan da suka fara wannan harka a Marwa da Garwa da Yagwa da su haɗa kansu tun abin yana ƙarami, su zauna da shugabannin masunta da jami'an ma'aikatar kamun kifi, su nemi takardar izini, su amince da ma'aunin abin da za a ɗauka da wanda za a mayar. Kai kuma ɗan'uwa da ke shirin sayen sandarka ta farko, ka sayi filaya da abin awo tare da ita, kuma in babbar uwa ta faɗo hannunka, ka sake ta.