Harsashi Biyu a Hannu Biyu: Ƙarya da Cin Amana a Fim ɗin One-Eyed Jacks

1.0 Gabatarwa

Finafinan kaboyi, kamar yadda masu zuwa silima a ƙasar Hausa suka saba kiran finafinan da aka gina a kan rayuwar yammacin Amurka ta ƙarni na 19, sun shahara da raba mutane gida biyu, wato ga na kirki ga mugu, kuma tun daga fitowar farko mai kallo ya san wanda zai mara wa baya. Fim ɗin One-Eyed Jacks, wanda kamfanin Paramount ya fitar a 1961, yana cikin 'yan ƙalilan da suka kauce wa wannan turba. Shi kaɗai ne fim ɗin da Marlon Brando ya taɓa ba da umarninsa, kuma shi ne babban tauraronsa. An samo tushen labarin daga littafin Charles Neider mai suna The Authentic Death of Hendry Jones na 1956, kuma da fari Stanley Kubrick ne zai ja ragamar aikin kafin su raba gari da Brando. A zahiri labarin ramuwar gayya ne. Amma abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, ƙarya ce jigon fim ɗin, kuma cin amanar da aka yi wa tauraron ya tsiro ne daga wata ƙarya da shi kansa ya shuka.

2.0 Labarin a Taƙaice

A shekarar 1880 wasu 'yan fashi uku, Rio da Dad Longworth da Doc, suka fasa wani banki a jihar Sonora ta ƙasar Meziko. 'Yan sandan karkara suka bi sawunsu, suka kashe Doc, suka ritsa sauran biyun a kan wani tudu da doki ɗaya tak. Dad ya hau dokin da jakunkunan zinariya a kan zai samo sababbin dawaki ya dawo, daga nan bai sake waiwayowa ba. Rio ya yi shekara biyar a kurkuku, ya tsere, ya tarar da tsohon abokinsa ya zama shugaban 'yan sandan garin Monterey a Kalifoniya, da mata mai suna Maria da agolarsa Louisa. Ragowar fim ɗin kai-kawo ne tsakanin mutum biyu da kowannensu ke jiran ranar da zai kashe ɗan'uwansa.

3.0 Ƙuri'ar Kan Tudu

Duk mai son fahimtar wannan fim dole ya tsaya a kan tudun nan. Da ya tabbata cewa mutum ɗaya ne zai iya tafiya, sai Rio ya kawo shawarar ƙuri'a: zai dunƙule hannayensa biyu, idan Dad ya zaɓi mai harsashi a ciki, shi zai hau dokin. Dad ya zaɓa, ya ci. Abin da bai sani ba shi ne, akwai harsashi a kowane hannu. Rio ya yi maguɗi ne domin ya faɗi.

Sai an dubi halin Rio kafin a gane nauyin wannan fitowa. Tun a buɗewar fim an nuna shi zaune a kan kantar banki yana cin ayaba hankali kwance yayin da ake kwasar kuɗi. Ya zare zobe daga wata mata a bankin, can kuma ya miƙa wa wata mata daban, yana ce mata gadon mahaifiyarsa ne. Mutum ne da ƙarya ta zame masa sana'a, kuma duk ƙaryar da ya yi don biyan buƙatar kansa ta karɓe shi. Guda ɗayar da ya yi domin wani, ita ce ta kai shi kurkuku. Ba a nan kaɗai abin ya tsaya ba. Da Rio ya fito fili ya ce, "Kai ka tafi, na yarda da kai," da ya rataya wa Dad amana a wuya. Da ya ɓoye kyautar a cikin ƙuri'a, sai Dad ya sauka daga tudun yana ganin sa'a ce ta zaɓe shi, kuma ba a bin mai sa'a bashi. Wannan bai wanke shi ba, domin ya yi alkawarin dawowa. Amma ya sauƙaƙa masa ɗan jinkirin nan da ya yi a wurin mai dawaki, inda ya tsaya yana auna zinariya da aboki, zinariyar ta rinjaya.

Sunayen ma suna magana. Ma'anar "Dad" a Ingilishi ita ce baba, shi kuma yana kiran Rio da kalmar da ke nufin yaro. Ke nan ba abokin sata kawai aka rasa a kan tudun ba. Karl Malden, wanda ya fito a matsayin Dad, sun riga sun yi aiki tare da Brando a A Streetcar Named Desire (1951) da On the Waterfront (1954), kuma ana ganin wannan sabo a yadda suke karantar fuskar juna.

4.0 Mai Ido Ɗaya

Sunan fim ɗin daga karta ya fito. A cikin katuna huɗu masu harafin J, biyu an zana su ne ta gefe, ido ɗaya kawai ake gani. Rio ne ya jefi Dad da wannan kwatance, cewa mutanen gari gefe ɗaya na fuskarsa suka sani, shi kuwa ya ga ɗaya gefen. Sai dai zargin bai bar mai yin sa ba. A haɗuwarsu ta farko bayan shekara biyar, Dad ya shirga ƙarya a kan abin da ya hana shi komawa, Rio ya mayar masa da tasa, cewa ai shi ma ya kuɓuta a ranar. Suka yi murmushi, aka gayyaci baƙo cin abinci. A daren bikin gari Rio ya yaudari Louisa da ƙaryar cewa ma'aikacin gwamnati ne, ya ba ta sarƙa da tatsuniyar nan ta mahaifiya, ba don kome ba sai don ya ƙona zuciyar Dad. Ita ma Maria ta yi wa mijinta ƙarya domin ta rufa wa 'yarta asiri.

Bambancin da ke tsakanin maƙaryatan biyu shi ne hukuma. Da Rio ya harbe wani mashayi da ke cin zarafin wata mata, Dad ya ɗaure shi a bainar jama'a, ya zane shi da bulala, sa'annan ya farfasa masa hannun dama da gindin bindiga. Jama'a sun ga doka tana aiki. Mai kallo kuwa ya ga ɓarawo yana kawar da shaidar da ke kansa, ya kuma ga uba yana dukan ɗan da ya fi shi gaskiya. A ganina wannan ita ce fitowa mafi ƙarfi a fim ɗin, kuma hannun da aka farfasa yana cikin hannayen nan biyu da suka riƙe harsashin da ya ba Dad ransa.

Ya kamata a ambaci teku. Ba kasafai ake ganin teku a fim ɗin kaboyi ba, amma a nan gaɓar Monterey ce ta maye gurbin hamada, kuma a wani ƙauyen masunta ne Rio ya yi jinyar hannunsa yana koyon harbi daga farko. Hotunan da Charles Lang ya ɗauka sun sa an saka shi cikin 'yan takarar kyautar Oscar.

5.0 Inda Fim ɗin Ya Raurawa

Abin da Brando ya haɗa ya doshi awa biyar. Kamfanin ya karɓe aikin, ya rage shi zuwa minti 141, kuma tabon almakashin bai ɓoyu ba. Tuban Rio ya zo da gaggawa: mutumin da ya yi shekara biyar yana dafa ƙiyayya sai ga shi ya sauke ta saboda 'yar gajeriyar ziyara daga Louisa, duk da cewa wasan Pina Pellicer, wanda ya ba ta kyauta a bikin finafinai na San Sebastian a 1961, ya rage wa gurbin faɗi. Haka kuma fashin da Bob Amory ya yi a bankin Monterey, inda wata yarinya ta mutu aka ɗora wa Rio laifin, ya mai da Dad mugu tsantsa, ya ba Rio hujjar kisa wadda ba ruwanta da tudun Sonora.

Ƙarshen ma an sake shi. A tsarin Brando, harbin ƙarshe da Dad ya yi ya sami Louisa, ta mutu. A wanda aka fitar, harsashin ya kuskure, Rio ya kashe Dad a dandalin gari, ya yi sallama da Louisa mai juna biyu da alkawarin zai dawo da bazara. Kamfanin ya so a tashi da daɗin rai, amma abin da ya rage a idon mai kallo shi ne wani mutum a kan doki yana cewa a jira shi zai dawo, wani kuma an bar shi a kan tudu. Wannan ƙarshen ne yake a kwafin da aka gyara aka nuna a bikin Cannes a 2016.