Haske take nema, ba yuriya ba

A shekarun nan falon amare da yawa a Potiskum ba ya cika sai da tukunyar shuka a kusurwa, kuma wadda ake yayi ita ce peace lily, mai ganye kore shar da farin fure tsaye a sama. A sayo ta daga Jos ko Kano da furenta, a girke ta gefen talabijin. Bayan 'yan makonni furen ya koma kore, ya bushe, shi ke nan. Sai a faɗa TikTok neman lakani: wannan ta ce ruwan wankin shinkafa, waccan ta ce ɓawon ayaba, wani ya ce a barbaɗa yuriya.

Ni dai a ganina aikin banza ake yi. Asalin shukar nan kurmin Kolombiya ne da maƙwabtanta, inda take tsirowa ƙarƙashin manyan itatuwa, cikin laima. 'Yar'uwar gwaza ce, shi ya sa in yaro ya tauna ganyenta bakinsa zai yi ta ƙaiƙayi. Tun farkon shekarun 1980 masu bincike a Florida ta Amurka suka gano cewa feshin sinadarin jibarelin yana tilasta mata fure, kuma da shi manyan gonakin fure na duniya suke cika kasuwa. Ko ba a fesa mata sinadarin ba, wadda ta tashi a sanyin Jos ba za ta ji daɗin watan Afrilu a nan ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Amma babbar matsalar tana cikin falon kansa. Labule mai kauri biyu, taga a rufe saboda ƙura da rana, har da tsakar rana sai an kunna fitila. A irin wannan duhu shukar za ta rayu, har ta yi sabon ganye, amma fure a'a. In aka ƙara mata yuriya ganyen ne zai ƙaru, in an cika hannu kuma saiwa ta ƙone. A matsar da ita jikin tagar gabas, ko baranda mai inuwa da damina, inda za a iya karanta littafi ba tare da fitila ba amma rana ba ta dukan ganyen. Da hunturu a riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma, a ba ta ruwa kafin ta langaɓe. Taki kuwa, a garin da ke da kasuwar shanu irin tamu? Tafin hannu ɗaya na kashin shanu da ya ruɓe sarai ya isa. Kada a yi gaggawar sauya mata babbar tukunya, kuma in ƙarama ce a yi haƙuri ta girma. Duk da haka, sau ɗaya ko biyu a shekara za ta yi fure.

Wanda burinsa fure ne kawai, ga kariya nan da muke raina wa don a daji muka saba ganinta. Tsakiyar rani, ba ko ganye a jikinta, take cika da jan fure a tsakar gida, ruwa kaɗan ya ishe ta. Sai dai ruwan jikinta dafi ne, a nisanta ta da yara da awaki.