Riga a bayan gilashi: nazari a kan abin da ɗalibin lise ke gani da abin da yake karantawa

Manyan makarantun lise na kudancin Nijar suna ɗauke da sunayen mazan jiya. A Maraɗi akwai Ɗan Baskore, a Damagaram akwai Amadu Kuran Daga, a Tawa kuma Agabba. Ɗalibi yakan yi shekara uku yana shiga ta ƙarƙashin ɗaya daga cikin sunayen nan kafin ya zauna jarrabawar bakaloriya. Abin tambaya shi ne, a tsawon shekarun nan uku, ina zai karanta labarin mai sunan, da wane harshe, kuma ina zai ga kayan zamaninsa da idonsa? Wurare biyu ke da hakkin ba shi amsa: ɗakin karatu da gidan nunin kayan al'adu. Kowannensu ya yi nasa ƙoƙari, amma sun yi shi ba tare da sun dubi juna ba.

Sha'anin ɗakin karatu ba ya bukatar dogon bayani. Da Faransanci ake karatun lise, da shi ake jarrabawa, saboda haka littattafan da ke kan kanta na Faransanci ne: Molière da Balzac, sa'an nan Camara Laye da Cheikh Hamidou Kane. Manyan ɗakunan karatun da ɗalibai suka daɗe suna dogara da su, wato na cibiyar al'adun Faransa da Nijar a Yamai da Damagaram, da ƙananan cibiyoyin CLAC na wasu garuruwa, duk an kafa su ne da haɗin gwiwar Faransa ko ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Sun yi amfani ƙwarai, ba mai musun haka. Sai dai wanda ya sayi littafi shi ke zaɓen harshensa.

Gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda yake ɗauke da sunan Bubu Hama, ya fi cancantar a tsaya a kansa. An buɗe shi a 1959, da himmar Bubu Hama da Pablo Toucet, shugabansa na farko. Sun ƙi yin gini guda mai duhu irin na Turai. Suka warwatsa ɗakuna cikin fili mai faɗi, da zanen gini irin na Hausa, suka haɗa da gidan namun daji, da bukkoki da tantuna na al'ummomin ƙasar, da rumfunan masu sana'a inda maƙeri da baduku da masaƙi ke aiki a gaban jama'a. Nan aka ajiye ƙasusuwan manyan dabbobin farko da aka tono a Gadufawa, nan kuma aka kawo itacen Tenere bayan mota ta kayar da shi a 1973. Dabarar rumfunan masu sana'a ita ce mafi kyau cikin dukan tsarin, domin a can abin kallo yana da baki: ɗalibi na iya tambayar baduku sunan abin da ke hannunsa, ya ba shi amsa da Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek.

A ɗakin tufafi da na kayan kiɗa ne bakin yake rufewa. A ɗauki babbar riga ɗaya. Ga mai ziyara baƙo, riga ce mai ado, shi ke nan. Amma Bahaushe yana da kalma ga kowane ɓangarenta. Ƙyallen na iya zama saƙi, ko tsamiya, ko barage, ko kuwa kore wadda ta sha baba da bugu har tana ƙyalli. Aikin ƙirjin na iya zama aska biyu ko aska takwas. Akwai tambari, akwai gidan biyar, akwai linzami a wuya, akwai shafi a ƙasa. Kafin ta kai jikin mai ita ta bi ta hannun mai kaɗi da masaƙi da marini da mabugi da maɗinki. Waɗannan kalmomi su ne tarihin rigar, su ke nuna darajar mai sanya ta da hanyar fataucin da ta biyo. In aka rage su duka zuwa kalma ɗaya ta Faransanci, “boubou”, an nuna ƙyalle an ɓoye ilimi. Haka abin yake ga kayan kiɗa. Kakaki da kalangu suna iya kwanciya gefe da gefe a bayan gilashi, alhali kuwa ɗaya ba a busa shi sai don sarki, ɗayan kuma an san shi da mahauta da ƴan mata. Ɗalibin da ya tashi a birni, wanda Hausarsa ta kasuwa da gida ce, ba lallai ya san wannan ba, kuma ɗan rubutun da ke jikin gilashi ba zai ishe shi ba. Littafi yake bukata, kuma a nan ne ɗakin karatu ya kamata ya tarbe shi.

Labarin Sarauniyar Lugu ya nuna yadda tarbar takan kasance. Abdulaye Mamani ya fitar da Sarraounia a Paris a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Littafin ya yi aikin da ba ƙarami ba: ya ɗauko yaƙin da Aznan Lugu suka yi da rundunar Voulet da Chanoine a 1899 ya sa shi a bakin duniya. Amma ƙagaggen labari ne, da Faransanci. Har rubutun sunan ya sa masu karatu da yawa suka ɗauka sunan yanka ne na mace guda, alhali Sarauniya sarauta ce da ake gada, wadda ta yi yaƙin kuwa Mangu ake ce mata. Ɗalibin Dogon Dutsi, wanda Lugu ke cikin yankinsa, ya fi sauƙin samun fassarar marubuci da ya samu abin da tsofaffin ƙasarsa suka faɗa da bakinsu.

Ba don ba a rubuta ba ne. Cibiyar tattara labarun baka da aka kafa a Yamai a 1968, wadda daga baya ta zama CELHTO, ta buga a 1970 labarun Katsinawa bayan jihadi waɗanda Issaka Dankoussou ya tattara, wato tarihin gidan da Ɗan Baskore ya fito. Andre Salifu ya fitar da bincikensa a kan Damagaram ta ƙarni na 19 a 1971, Jibo Hamani ya biyo da na Adar a 1975. A cibiyar IRSH akwai rubuce-rubucen Larabci da na ajami waɗanda Bubu Hama ya fara tarawa. Duk an yi su ne don masu bincike, aka buga kaɗan, suka zauna a Yamai. Tsakanin Yamai da Damagaram kuwa kusan kilomita 900 ne. Ko littattafan Zariya, irin su Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, waɗanda taron daidaita rubutun Hausa na Yamai a 1980 ya ƙara kusanto da su, tsarin karatun lise bai ba su gurbi ba, ko da yake Katsina ba ta da nisa da Maraɗi.

Za a iya cewa ɗalibin ajin ƙarshe bakaloriya ce a gabansa, ba shi da lokacin aska takwas. Maganar tana da nauyi, domin abin da ba a tambaya a jarrabawa ba a cika karanta shi ba. To, amma tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 kundin sabunta ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Idan ayyanawar ta tsaya a takarda, ɗalibin lise zai ci gaba da zama mai jin Hausa wanda bai taɓa karanta shafi goma na tarihi da ita ba.

Gyaran da ya fi kusa ba ya bukatar sabon gini. Nunin kaya da za a kai lise ta Damagaram, alal misali, zai iya tsayawa a kan shekara biyu kawai: 1898, da aka kashe Kyaftin Cazemajou a birnin, da 1899, da aka yi yaƙin Tirmini aka kuma kashe Kuran Daga. A kawo riga da kakaki da bindiga na zamanin, kowanne da cikakken sunansa na Hausa a rubuce da boko da ajami, a ajiye shafukan Salifu a kan tebur kusa da su tare da fassararsu, a gayyato maroƙin fada ya faɗi jerin sarakuna, ɗalibai su rubuta abin da suka ji su bar shi a ɗakin karatun makarantar.