Nazari a Kan Littattafan Yara Masu Hotuna da Harsuna Biyu: Jigon Dabbobi da Abota

A shekarar 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa, sai dai littattafan da za a yi aikin da su sun yi ƙaranci. Wannan giɓi ne littattafai masu hotuna da ke ɗauke da Hausa da Ingilishi a shafi guda suka zo cikewa. Shirin African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya sun sauƙaƙa samun irinsu ta intanet. A nan za a dubi rukunin da ya ɗauki abotar yaro da dabba a matsayin jigo.

Babu shakka jigon ya dace da masu shekara 4 zuwa 7, domin yaro na son dabba, kuma hoto kan fassara masa abin da bai iya karantawa ba tukuna. Matsalar ita ce da yawa daga cikin labaran an fara rubuta su ne da Ingilishi, daga baya aka sa musu rigar Hausa. Sau da yawa za a tarar da kare yana kwana a gadon yaro, ko yana lasar fuskarsa. A yawancin gidajen Hausawa kuwa aikin kare gadi ne da farauta, ba ya shiga ɗaki. Yaron da aka nuna wa wannan hoto zai ɗauka cewa abin da ke cikin littafi bai shafi gidansu ba, uwayen ma su yi ɗari-ɗari da littafin.

Wannan ba ya nufin Bahaushe bai san abota da dabba ba. Akwai kyanwar da ke kwana kusa da murhu, da tattabarun da yara ke kiwo, da ragon da yaro ya yi wa yankan ciyawa wata da watanni, ranar layya ya ɓuya yana kuka. A nan ne labarin da zai taɓa zuciya yake. Abubakar Imam ma, a Magana Jari Ce, aku ya sa ya riƙa ɗebe wa Musa ɗan sarki kewa da labarai.

Ta fuskar harshe, Hausa na bambanta aboki da ƙawa, tana kuma tilasta a ce kare ya gudu, kyanwa ta gudu. Mai fassarar da ya bi Ingilishi sau da ƙafa yakan rikita wannan. Haka nan idan maɗaba'a ta yar da haruffa masu lanƙwasa, sai ƙare ya koma kare, a littafin da karen ne tauraronsa. Ga mai koyon karatu wannan kuskure ba ƙarami ba ne.

Saboda haka ana ba masu tsara manhaja shawarar su fifita labaran da aka ƙaga da Hausa, sannan a mayar da su Ingilishi. A sa Hausa a saman shafi da harafi mai girma daidai da na Ingilishi, a nemi mai zanen da ya san tsakar gidan Bahaushe, a kuma gwada littafin a aji kafin a amince da shi.